Rumbu Ɗaya Ba Ya Riƙe Gari: Shawara Kan Ajiyar Kayan Adabinmu

Duk ɗalibin da ya kai shekarar ƙarshe a Sashen Hausa ya san irin wahalar da ake sha kafin a tara kayan nazari. Wani ya bi maroƙa gidan biki ya ɗauko waƙa, wani ya durƙusa gaban tsohuwa ta yi masa tatsuniya, wani kuma ya yi ta sintiri a zauren malami har aka amince masa ya ɗauki hoton wata tsohuwar waƙa ta ajami. A da, cikin kaset da takarda ake tara waɗannan abubuwa. Yau kuwa duk sun koma fayil, watau sun shige cikin waya da kwamfuta. Tambayar da ba mu cika yi wa kanmu ba ita ce, bayan an ba da maki an watse, ina waɗannan fayiloli suke kwana? Mafi yawansu suna cikin waya guda ko kwamfuta guda. Ranar da aka sace ta ko ta faɗa ruwa, shi ke nan, alhali kuwa tsohuwar da ta yi tatsuniyar wataƙila ta riga mu gidan gaskiya.

Ra'ayina a wannan maƙala shi ne, ya kamata mu ɗaliban Hausa mu kafa ƙananan na'urorin ajiya a wurare dabam-dabam, waɗanda za su riƙa magana da juna, kowace tana riƙe da kwafin kayan adabinmu, kuma kada mu tsaya a harabar jami'a kaɗai, mu kai wasu karkara, irin su ƙasar Tofa da ke nan yamma da birnin Kano. Masana wannan fanni suna da sunan da suke kiran kowace na'ura da ke cikin irin wannan haɗaka, amma ni a nan rumbu zan kira ta, domin aikin rumbu take yi. Zan kuma nuna cewa kafa rumbun ba shi ne abin tsoro ba. Riƙonsa shi ne aiki.

Mai karatu zai iya cewa, ai akwai manyan ma'ajiyoyi a ƙasashen waje waɗanda suka fi mu kuɗi da ƙwarewa, me zai hana mu miƙa musu kayanmu mu huta? Ba na musun alherinsu. Ɗakin Karatu na Birtaniya da ke Landan yana da wani shiri da aka soma a shekarar 2004 na ceto takardun da ke cikin haɗari, ya kuwa ɗauki nauyin ɗaukar hotunan takardu a Nijeriya, bisa sharaɗin cewa asalin takardun ba ya barin ƙasar masu shi. Sai dai a watan Oktoba na 2023 wasu ɓarayin intanet suka kutsa cikin kwamfutocin wannan ɗakin karatu suka kulle su suna neman fansa. Sai a watan Janairu na 2024 babban kundin sunayen littattafansa ya dawo, rubuce-rubucen hannu da yawa da aka ɗora a intanet kuwa sun fi haka daɗewa ba a iya ganinsu. A watan Satumba na 2018 gobara ta cinye gidan tarihi na ƙasar Barazil da ke Riyo, cikin abin da ya ƙone har da muryoyin da aka ɗauka na harsunan da yanzu babu mai magana da su. Kamfanin MySpace kuma ya sanar a 2019 cewa waƙoƙin da jama'a suka ajiye wurinsa na shekara goma sha biyu sun salwanta a lokacin da yake sauya ma'ajiya. Idan haka ta faru da waɗannan, ina ga kwamfutar da ke kan teburin ofishin sashe?

Har wa yau, ko da kayan suna nan lafiya a can, ba kullum muke da hanyar isa gare su ba. Ranar 14 ga Maris, 2024, manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka yanke a gaɓar Kwaddebuwa, Afirka ta Yamma ta shiga wahala. A watan Satumba na 2021 hukuma ta rufe layukan waya a Jihar Zamfara saboda matsalar tsaro, daga baya aka haɗa da wasu ƙananan hukumomi na Katsina da Sakkwato da Kaduna. Duk wanda ajiyarsa ke wata ƙasa a wannan lokaci, ya ga ma'anar karin maganar nan da ke cewa kayan aro ba ya rufe katara.

Sai mu dubi Timbuktu ta ƙasar Mali mu ga ɗaya gefen. A watan Janairu na 2013 mayaƙan da suka mamaye garin suka ƙona wasu littattafai na Cibiyar Ahmad Baba, aka yi asarar kimanin 4,000. Amma galibin littattafan garin sun tsira, domin tun asali a warwatse suke cikin gidajen zuri'o'in malamai, sa'an nan Abdulƙadir Haidara da abokan aikinsa suka yi ta fitar da su kaɗan-kaɗan cikin akwatuna zuwa Bamako. Mu ma ta wannan hanya rubuce-rubucen Shehu Usmanu da Abdullahi da Bello da Nana Asma'u suka iso gare mu. Almajiri ya kwafa daga malaminsa, a zauna ɗaya yana karantawa ɗaya yana bi har a tabbatar kwafi ya yi daidai da asali, sa'an nan ya tafi da nasa garinsu. Tun kafin a kafa Gidan Arewa na Kaduna a 1970, gidajen malamai ne suka riƙe wannan amana, ba gida ɗaya ba, ɗaruruwa.

Manomin Tofa ma ya san wannan dabara ba tare da ya shiga aji ba. Ƙasar tasu tana cikin yankin nan mai cunkoson jama'a da ya kewaye Kano, wanda Michael Mortimore ya yi nazarinsa tun cikin shekarun 1960, inda gona take manne da gona, kuma ba a barin ƙasa ta huta sai dai a ciyar da ita da taki. Ƙidayar 2006 ta ba Ƙaramar Hukumar Tofa mutum 97,734. A irin wannan wuri babu rarar da za a yi wasa da ita. Don haka ake ɗora rumbu a kan duwatsu saboda gara da danshi, a yi masa jinka, a riƙa leƙa shi saboda ɓera da ƙwaro. Mace mai akuya biyu kuwa takan ba da ɗaya kiwo wurin 'yar'uwarta a wani ƙauye, bisa yarjejeniyar rabon 'ya'ya, ta yadda in annoba ta shiga garke ɗaya, ɗayan yana nan. Wannan ba da kiwo shi ne ainihin abin da nake kira a yi da fayilolinmu.

To, yaya abin yake aiki? A intanet ɗin da muka saba da shi, adireshi ake ba fayil, watau a ce yana gidan wane, ɗaki kaza. Ranar da gidan ya rushe, adireshi ya zama banza. A tsarin IPFS kuwa, wanda Juan Benet da kamfanin Protocol Labs suka fitar a 2015, abin da ke cikin fayil ɗin ake bi a lissafa masa wani dogon tambari na haruffa da lambobi. Ko lanƙwasar harafi ɗaya aka cire, baƙi ya koma baki, to tambarin ya sauya gaba ɗaya. Mai neman fayil sai ya yi cigiya da tambarin, duk rumbun da ke da shi ya amsa, na Kano ne ko na Maraɗi, kuma na'urarsa za ta sake lissafi ta tabbatar ba a yi masa algus ba. Da wannan dabara aka ɗora kwafin Wikipedia ta harshen Turkanci a kan IPFS a 2017, bayan gwamnatin Turkiyya ta toshe shafin.

Akwai wani kuskure da sababbin shiga suke yawan yi, wanda ya kamata in tsaya a kansa. Suna zaton da zarar an saka fayil cikin wannan haɗaka, zai yaɗu da kansa ya dawwama. Ba haka ba ne. Babu rumbun da yake ɗaukar kayan wani sai an nema ta wurinsa ko an umarce shi, kuma abin da ya ratsa ta cikinsa kawai ana iya share shi idan wuri ya ƙure. Sai mai rumbu ya kafe fayil ɗin, watau ya ce wa na'urar wannan kada a taɓa shi, sa'an nan ya zauna. Idan rumbu ɗaya ne tak ya kafe waƙa, aka kashe shi, to tambarin yana hannun kowa amma waƙar babu ita. Ashe ke nan na'ura ba ta ɗauke mana alkawari ba. Sai an sami mutane a wurare aƙalla uku waɗanda suka yarda za su riƙe wa juna kaya. Ɗakunan karatu sun riga mu gane haka. Tsarin LOCKSS da aka soma a Jami'ar Stanford ta Amurka a 1999 yana sa rumbunan su riƙa gwada abin da ke hannunsu da na juna lokaci-lokaci, su jefa ƙuri'a, wanda nasa ya saɓa wa na jama'a ya gyara daga wurin 'yan'uwansa. Duk wanda ya taɓa ganin yadda almajirai suke gwada kwafi da asali ba zai ga baƙon abu a nan ba.

Yanzu sai in zo kan maganar kuɗi, domin na san ita ce za ta fara zuwa zuciyar wasu daga cikinmu. Akwai haɗakar da take biyan mai rumbu da kuɗin kirifto, kamar Filecoin da Storj, kuma samarinmu da suka kwashe watanni suna dannan waya a kan Hamster Kombat a 2024 ba za su rasa jin ƙamshin wata sabuwar dama ba. Ina ba da shawara a yi lissafi tukuna. Filecoin, wanda ya fara aiki sosai a watan Oktoba na 2020, yana bukatar manyan na'urori masu tsada, sa'an nan mai rumbu ya ajiye jingina, kullum kuma ya kawo hujjar cewa kayan suna nan, in ya kasa a yanke masa tara daga jinginarsa. Storj ya fi sauƙi, kuma dabararsa abar sha'awa ce, domin a lokacin da aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 2020 yakan daddatsa fayil gida 80 ya rarraba, ko waɗanne 29 aka samu sun isa a mayar da shi yadda yake. Amma ƙa'idar da ya gindaya wa mai rumbu ita ce ya kasance a kunne kashi 99.3 cikin ɗari na wata, watau kada ya ɗauke fiye da kamar awa biyar. Ladan ajiya kuwa a 2023 dala ɗaya da rabi ne a kan kowace terabayit a wata. Faifai mai terabayit 4, in ma ya cika maƙil, dala 6 ke nan, ban da ɗan abin da ake biya idan an ɗebi kaya. A ɗora wannan a kan sikeli da kuɗin datar waya, wadda hukumar sadarwa ta amince a ƙara mata kashi 50 cikin ɗari a watan Janairu na 2025. A tuna kuma da watan Oktoba na 2024, lokacin da yawancin jihohin Arewa suka yi fiye da mako guda cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan wuta. Wanda ya kafa rumbu a Lambu ko Doka don neman wannan lada, kwaɗayi ne zai zame masa mabuɗin wahala. Bayan haka ma, kayan da zai riƙe na baƙi ne, a kulle suke, bai san ko mene ne ba, waƙar kakarsa kuwa tana nan cikin waya guda.

Rumbun da nake nufi ya fi wannan ƙanƙanta, ya kuma fi shi haƙuri. Ƙaramar kwamfuta irin Raspberry Pi, wadda ba ta wuce tafin hannu ba, da faifan ajiya guda, wutar da suke ci tare ba ta cika wuce wat 10 ba, watau wat-awa 240 a yini da kwana. Farantin sola mai wat 100 da batir matsakaici sun isa su riƙe su a ranar Kano, har da 'yar rara. Terabayit ɗaya tana ɗaukar sauti mai inganci na kimanin awa 1,600, ko kuwa hoton shafi 200,000 idan kowane shafi ya ci megabayit 5. Ina shakka ko duk abin da ɗaliban sashe ɗaya suka ɗauko cikin shekara goma zai cika faifai guda. Tun da tamu haɗakar ce, mu za mu kafa ƙa'ida, ba wanda zai ci tarar rumbun Tofa don ya kwana biyu a kashe. In ya farka ya tambayi 'yan'uwansa abin da ya wuce shi.

Abokan gabansa su ne na rumbun hatsi, sai dai sun sauya kama. Zafin bazara yakan haura digiri 40 a inuwa, ƙarƙashin rufin kwano kuwa sai abin da ya ƙaru, kuma zafi yana rage wa batir da faifai kwana. Ɗakin soro na ƙasa ya fi shagon kwano dacewa, a ɗora na'urar a sama inda iska take ratsawa. Ƙurar hunturu tana toshe kafofin iska, tana kuma rufe farantin sola, sai an riƙa gogewa. Da damina akwai tsawa. Ɓera yana cin waya kamar yadda yake cin dami. Akwai kuma wata matsala da ba a gani da ido: kamfanonin waya sukan haɗa masu hulɗa da yawa a bayan adireshi ɗaya, saboda haka rumbun da ke kan layin waya yana iya kira waje, amma shi ba a iya ƙwanƙwasa masa ƙofa kai tsaye sai ta hannun wani rumbu mai shiga tsakani. Wannan aiki na rumbun jami'a ne. Manyan kaya kuwa ban ga dalilin tura su ta iska ba. Daga sabon mazaunin Jami'ar Bayero da ke kan hanyar Gwarzo zuwa Janguza, wadda take cikin ƙasar Tofa, ba wata tafiya ba ce. Ɗalibi ya saka faifai a aljihu ya hau babur, ya kai abin da layin waya zai kwana da kwanaki yana ja. A bar wa layi aikin gwada tambari da aika ƙananan gyare-gyare.

Wa zai riƙe rumbun a ƙauye? A ganina ba sai an je nesa ba. A garuruwanmu akwai masu shagon cajin waya da masu tura fina-finai da waƙoƙi a memori, waɗanda ake kira 'yan dawunlodin. Suna da sola ko janareta, suna zaune a shago tun safe har dare, sun san faifai, jama'a kuma sun san hanyar wurinsu. Haƙiƙa su ne suka daɗe suna gudanar da irin wannan haɗaka a ƙasar Hausa, ko da yake babu tsari, kuma abin da kasuwa ta daina nema sharewa suke yi. Na san masu shirya fina-finai da marubuta suna da ƙorafi mai ƙarfi a kansu game da haƙƙin mallaka, ƙorafin kuwa yana kan hanya. Saboda haka dole a rubuta tun farko cewa ba abin da zai shiga rumbu sai da yardar mai shi. Sa'an nan a raba kaya gida biyu. Akwai na kowa da kowa, kamar tatsuniya da kirari da waƙoƙin daɓe da na niƙa. Akwai kuma wanda aka ba ɗalibi bisa amana, kamar laƙanin da malami ya ce kada a yaɗa, ko tarihin gida mai taɓa mutuncin wasu, ko muryar matar aure da ta yarda a yi nazari amma ba ta yarda a ji ta a kasuwa ba. A tsarin IPFS na fili, duk mai tambari yana iya ɗauka, abin da ya fita kuwa ba ya kiranyuwa. Irin wannan kaya sai a kulle shi kafin a ajiye, a kuma yi haɗakar ta zama ta cikin gida, wadda ba rumbun da zai shiga sai mai mabuɗi.

Akwai wani dalili da ya sa na nace a kan karkara, wanda ya wuce maganar tsaro. Shekara da shekaru muna zuwa ƙauye da rikoda muna ɗebowa, mu sami digiri, wasu har su zama shaihunan malamai, amma jikan mawaƙin bai taɓa jin muryar kakansa ba, don tana cikin kabad a birni. Rumbun da aka ajiye a Tofa yana iya watsa Wi-Fi iyakar ƙofar shago, malamin firamare ya zo da wayarsa ya ɗauki tatsuniyoyin garinsu ba tare da ya sayi data ba. Mutanen da suke cin moriyar abu su ne suke lura da ranar da ya mutu. Rumbun da ba mai leƙa shi yana iya shekara a kashe ba a sani ba.

Game da sauran wurare, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Akwai masu nazarin Hausa a Zariya da Sakkwato da Katsina, akwai kuma jami'a a Maraɗi da Yamai. Kwafin da ke tsallaken iyaka yana ƙarƙashin wata hukuma da wata doka, abin da ya sami ɗaya da wuya ya sami ɗayan a rana guda. Kowace ƙungiyar ɗalibai ta riƙe na sauran, su ma su riƙe nata, ba kuɗi tsakani sai alkawari a rubuce.

Inda na fi jin tsoro shi ne mu kanmu. Ɗalibi baƙo ne a jami'a, shekara huɗu ya tafi, sau da yawa har da kalmar sirri a kansa. Yajin aikin malaman jami'a na 2022 ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Rumbun da ke ofishin ƙungiya da ya yi wannan wata takwas a kulle cikin ƙura, alhali mai shagon caji a Tofa bai rufe ko na yini ɗaya ba saboda yajin. Don haka ina ba Ƙungiyar Hausa shawara ta ƙirƙiro muƙamin Ma'ajin Rumbu, wanda za a zaɓa daga 'yan aji uku, ya yi shekara guda tare da wanda zai gada kafin ya karɓa. A tanadi littafi na takarda, ba na kwamfuta ba, a riƙa rubuta ranar da aka sayi kowane faifai, da ranar da aka gwada tambura, da abin da aka samu. A ɗauka cewa kowane faifai mutuwa zai yi, a riƙa tara kuɗin magajinsa kamar adashi tun yana da ƙarfinsa, ba sai ya fara ƙara ba. Mabuɗi ya kasance a hannun mutum uku: ma'aji, da malami guda na sashe, da wani amintacce a garin da rumbu yake. Shi kuma mai shago a yanka masa ɗan abin hasafi na wata-wata a gaban mai unguwa, a kuma rubuta cewa ranar da ya gaji ko zai tashi daga garin, zai ba da sanarwar wata guda, ya mayar da faifan yadda yake, ba tare da ya goge shi ya zuba fina-finai ba.